Kazar Gwaggo A'i

Nasiha ba ta wuce shekara biyar ba lokacin da ta fara jin sunan A'i, kuma ta daɗe tana zaton sunan gari ne. A ƙofar gidan kakanta da ke Zandam ta ji shi. An kwantar da wani manomi a kan amalanke, ƙafarsa ta kumbura suntum, asibitin Birnin Kudu sun ce sai Kano. Matarsa tana kuka tana cewa su ba su san kowa a birni ba. Sai wani dattijo ya ce, "Ke, share hawayenki. Ku sauka wajen A'i." Daga ranar ta riƙa jin kalmar a ko'ina. Mai zuwa jarrabawa, wajen A'i. Mai bin takardar fansho, wajen A'i. Sai da ta yi wayo ta gane cewa A'i mace ce guda ɗaya, ƙanwar kakanta, gwaggon babanta, 'yar siririya mai wushirya.

An haifi A'i a Zandam ta ƙasar Gwaram, aka aurar da ita ga Malam Iliyasu, ma'aikacin masaƙa a Kano. Ta haihu sau huɗu, ba wanda ya kai yaye. Da mijin ya rasu ya bar mata ɗaki biyu a wani gidan haya a Gwagwarwa, 'yan'uwanta suka zo ɗaukarta. Ta ce musu, "In na bi ku, wa zai buɗe wa mutanenmu ƙofa?" Suka yi lallashi har suka gaji, suka koma. Ta kafa kaskon ƙosai a bakin layi, da shi ta riƙe kanta. A bayan ƙofarta akwai tabarmi goma sha ɗaya a naɗe. Ba ta taɓa karɓar ko sisi a hannun baƙo ba. Wanda ya zo da gero ta karɓa, wanda ya zo hannu biyu ta shimfiɗa masa tabarmar da ta fi laushi don kada ya ji kunya. Abdulsalami, baban Nasiha, shekara shida ya yi a ɗakinta yana karatu, kafin ya zama malamin gona a Birnin Kudu. Abin alfaharinta a duniya guda ne: ba ɗan ƙasar Gwaram da ya taɓa kwana a tashar Kano tana raye.

Sai aka yi sabuwar jiha. Aka yi murna, aka yi kiɗa a Birnin Kudu. Takardu suka koma Dutse, babban birnin sabuwar jihar, masu bin takardu suka bi su. Neman aiki Dutse, fansho Dutse, maganar fili Dutse. Ba wanda ya yi wa A'i laifi, baƙi ne kawai suka daina zuwa. Gara ta cinye tabarmi biyu a inda suke a jingine.

Shekarar da Nasiha ta gama sakandare, babanta ya cika alkawarin da ya daɗe yana ɗagawa, ya ce zai kai su Kano hutu na kwana uku, shi da Umma da Nasiha da ƙanwarta Khuzaima mai shekara goma sha huɗu. Za su ga gidan zu, su hau Dala, su zaga kasuwar Kurmi. Khuzaima ta yi tsalle. Nasiha kuwa ta tuna zuwanta ɗaya gidan Gwaggo tana 'yar shekara goma sha biyu: zafi, sauro, ƙaurin mai a jikin komai, da layin banɗaki da safe kowa da butarsa.

Ta ce, "Baba, me zai hana mu sauka a otal?"

Ya dube ta kamar ta zage shi. "Otal? Ina da uwa a Kano in je in kwana a otal kamar direban tirela?"

Nasiha ta san inda za ta taɓa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai ba ne, Baba. Ni da Khuzaima mun girma. Banɗaki ɗaya ne a gidan, kuma 'yan hayan duk samari ne."

Washegari da Baba zai fita ya ce ba tare da ya kalle ta ba, "To, ki bincika mana mai mutunci."

Ta ɗauki aikin kamar jarrabawa. Ƙawarta Prisca 'yar Mista Mark ce, mai kantin magani a gaban asibiti, wanda yakan je Kano sari duk wata. Shi ya kawo mata katin otal uku, ya kuma yi mata bayanin kowanne. Ta ja layi a bayan littafin lissafinta, ta rubuta ruwa, wuta, tsafta, masallaci. Na farko akwai mashaya a ƙasa da kiɗa, ta soke shi tun kafin Baba ya gani. Na biyu yana da ruwa, yana da fanka, ga masallaci a ƙofarsa, ga arha. Na uku ɗakuna biyu ne masu ƙofa a tsakani, da janareto da talabijin.

Prisca ta ce, "Na biyun nan ai ya ishe ku. Daddy ya ce yana kusa da Gwagwarwa, ko da ƙafa sai ki je gidan kakarki."

"Ba talabijin," in ji Nasiha.

"Ke da ba ku da shi a gida ma? Kin zama Hajiya ke nan."

Suka yi dariya. Nasiha ta zagaye na uku da jan biro. Akwai layi na biyar da ba ta rubuta a littafin ba, kuma shi ya yanke hukunci. Na ukun yana can wani gefen gari, inda Gwaggo ba za ta taɓa bi ba.

Ana gobe tafiya suka je Zandam yi wa Inna Hapsatu, mahaifiyar Baba, sallama. Kafin su zauna ta ce ta riga ta aika direban motar garin Basirka ya shaida wa A'i suna tafe cikin makon nan. Inna ta shiga akurki ta fito da wata jar kaza mai ƙiba.

"Ku kai mata. Ku ce kada ta yanka, mai ƙwai ce. Ta samu abin yi wa magana a gidan."

A hanyar komawa aka tsara yadda za a yi. Za su shiga Kano ranar Alhamis, su yi hutunsu, ranar Lahadi da hantsi su je gidan Gwaggo su ce yanzu suka sauka daga mota, kuma dole su juya da la'asar saboda Baba yana da aiki Litinin. Nasiha ce ta kawo dabarar. Umma ta ce, "Allah ya shirye ki," amma ba ta ce a'a ba.

Otal ɗin ya yi yadda katin ya ce. Khuzaima ta yi wanka sau uku ranar farko don kawai ta ga ruwa na zubowa daga sama. Matsalar ita ce kaza. A bakin ƙofa an rubuta ba a shiga da dabba, don haka a cikin kwalin sabulu mai huji suka shigo da ita, Umma ta yafa masa mayafi. Aka ajiye ta a banɗakin 'yan mata, ana ba ta ragowar shinkafa. Duk lokacin da ta fara kyarkyara sai Khuzaima ta ƙure talabijin. Mai shara ta taɓa tsayawa tana shinshina iska ta ce, "Wallahi kamar ina jin warin ƙauyenmu." Khuzaima ta cusa fuska a filo don dariya.

Sun ga zaki, sun hau Dala har Umma ta zauna a tsakiya ta ce ita nan ne ƙarshenta. Daga saman dutsen Baba ya tsaya yana duban wani gefe na garin. Nasiha ta san inda yake kallo. Ta juya ta nuna wa Khuzaima wani abu daban.

Kazar ta yi ƙwai ranar Juma'a, ta sake yin wani ranar Lahadi da sassafe. Khuzaima ta ce a kai kicin a soya musu. Baba ya haɗe rai.

"Kazar wa?"

"Ta Gwaggo."

"To ƙwan wa? Amana aka ba mu. Ba za a ci mata ko ɗaya ba."

Shi da kansa ya naɗe su a hankici. Ba wanda ya yi tunanin komai, har da Nasiha mai dabara.

Tun daga bakin layi A'i ta hango su. Ta bar kaskon, ta taho da gudu-gudu zani a hannu. "Audu! Audu ne da rundunarsa! Wannan doguwar ita ce ƙawata? Ke 'yar boko, tsayin nan duk na turanci ne?" Ta rungume Nasiha, ƙaurin man nan ya cika mata hanci.

Da suka shiga, Nasiha ta tsaya tana kallon ɗakin. An shafe ɗakin da farar ƙasa. An ɗaura igiya daga bango zuwa bango, an rataya sabon labule ya raba ɗakin biyu. A bayan labulen akwai tabarmi biyu da filo biyu da ɗan madubi a ƙusa. A tsakar gida an kewaye wani lungu da zana, da sabon bokiti a ciki.

"Na ce 'yan mata sun girma," in ji A'i. "Ba za su bi layi da ƙartin nan ba. Ga wajen wankansu."

A kan rufin akurkin maƙwabta an shanya tuwo a faranti uku, kowanne bushewarsa daban. Nasiha ta ƙirga su ba da niyya ba. Alhamis, Juma'a, Asabar.

Baba ya faɗi abin da aka tsara, idonsa a ƙasa. Yanzu suka sauka, kuma da la'asar za su juya. A'i ta ce, "Ayya, aikin gwamnati," ta yi murmushi, ta karɓi kazar tana shafa ta. Sai Baba ya miƙa hankicin.

"Wannan fa? Hapsatu ta haɗo da ƙwai?"

Khuzaima ta yi caraf ta ce, "A'a, Gwaggo, a wajenmu ta yi su. Baba ya hana mu ci."

A'i ta kwance hankicin. Ta dubi ƙwai biyu a tafin hannunta, ta dubi kazar. Can ta yi 'yar dariya ta ce, "Kai, hanyar Birnin Kudu ta ƙara tsawo tun da aka yi jiha. Har kaza ta yi ƙwai biyu a mota."

Ba ta ƙara ko kalma a kai ba. Ta ɗora tukunya, ta yi musu tuwon shinkafa da miyar taushe, ta yi wa Umma tsiya kan ta rame, ta tambayi Baba labarin damina. Ƙwan ta dafa su, ta ɓare, ta ba Nasiha ɗaya ta ba Khuzaima ɗaya. "Ku ci, ku kuka yi wahalarta."

Da la'asar ta yi, su Baba suka fita neman tasi. A'i ta riƙe Nasiha ta taya ta naɗe tabarmi. Suna durƙushe, kowa da gefensa, A'i ta tambaya a hankali, "Akwai ruwa a wajen?"

"Akwai, Gwaggo."

"Sauro fa?"

"Babu."

"To alhamdu lillahi. Audu ya iya zaɓe."

Nasiha ta so ta ce ba Baba ba ne, ita ce, ita ta ja layi a littafi, ita ta zagaye da jan biro. A'i ta jingine tabarmar a bayan ƙofa, ta kama hannunta, ta roƙe ta abu guda, Nasiha ta ce to.

Damina biyu bayan haka A'i ta rasu, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Kazar tana nan da 'ya'yanta, maƙwabta suka raba. A zaman makoki a Zandam mutane suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce wata biyu ya yi a ɗakinta yana jinya, wancan ya ce a tabarmarta ya yi karatun jarrabawa. Inna Hapsatu ta share ido ta ce, "Har ƙarshe ƙofarta ba ta rufu ba. Baƙinta na ƙarshe ma 'ya'yan gidan nan ne, kwana uku cur. Ko ba haka ba, Nasiha?" Baba yana zaure bai ji ba. Umma ta dubi ƙasa. Nasiha ta ce, "Haka ne, Inna."

A gidansu, Nasiha ce ake tambaya ranar haihuwar wane da shekarar auren wance, don an san ba ta ƙari ba ta ragi. Wannan ɗaya ce take faɗa ba daidai ba, kuma ta faɗe ta ya fi sau ashirin. Duk sanda ta faɗa sai ta ji hannun nan mai kaushi a wuyan hannunta, da muryar ƙasa-ƙasa don kada 'yan haya su ji:

"Ƙawata, ke ake tambaya a gida. In kun koma Hapsatu ta ce ina kuka sauka, don Allah ki ce wajen A'i."