Jan Mayafin Piyano

A layin teloli na bayan tasha, in ka ce Mai Almakashi ba wanda zai tambaye ka wacce. Tun tana budurwa take kan keken ɗinki har idonta ya soma neman tabarau, kuma abin taƙamarta a duniya guda ne: ba a taɓa dawo mata da ɗinki ba. Mace ce mai baki, wallahi, ga faɗa kamar me. Dokar shagonta kuwa kowa ya san ta. Duk yadin da ya shigo, sai an yanki ƙyalle an jiƙa shi a ruwa, an matse cikin farin tsumma, a ga ko yana zuba. 'Yar koyon da ta tsallake wannan, ranar har masu shagon maƙwabta sai sun ji sunan ubanta.

Mijinta ya rasu da wuri, da wannan keken ta yi ta fama har yara suka zama mutane. Autarta ta auri wani malamin kiɗa a wata makaranta, mutum shiru-shiru mai ladabi, wanda har yau sai ya rusuna yake gaishe ta. To a nan fa bakin nan nata yake mutuwa. Matar da ke tsayar da layi guda da tsawa, in ta shiga falon surukinta sai ka gan ta a bakin kujera, jaka a kan cinya, ana ba ta ruwa tana cewa ta ƙoshi. Gidansu Malam gidan karatu ne kaka da kakanni, ita kuwa lambobin tef ɗin awo ne iyakar bokonta. Ba wanda ya taɓa nuna mata haka, ita ce dai take jin abin a ranta.

A falon akwai piyano, babban abin kiɗan nan mai madannai farare da baƙaƙe, na mahaifin Malam ne da ya rasu. Murfin da ke rufe madannansa ya karye tun lokacin da suka yi ƙaura, sai madannan suka zauna a buɗe. Ita haƙora take ce musu. Fararen sun tsufa sun yi ɗorawa, wasu na tsakiya har sun ɗan lotsa saboda yatsun marigayin. Kullum da safe Malam sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai laushi kafin ya fita, kuma 'yarsu, jikar Mai Almakashi, duk rashin jinta, ta san ba a zuwa wurin da maiƙo a hannu.

Abin da ya daɗe yana cin Mai Almakashi shi ne, ba ta taɓa kawo wa gidan nan abin da suke bukata ba. Ta ɗinka wa jikar riguna, a yi godiya a jera a kan waɗanda take da su. Ran nan tana zaune ta dubi haƙoran nan a buɗe, ƙura na sauka a kansu, sai zuciyarta ta ce, yauwa, ga wurinki. Ta faki idon Auta ta auna tsawon da faɗin da tafin hannu, ba ta gaya wa kowa ba.

Ta samo jan karan-miski a kasuwa, mai taushi kamar bayan kyanwa. Tana cikin yanka sai Auta ta kira ta a waya.

“Mama, gobe da safe fa za mu tafi hutu wurin mahaifiyar Malam. Sai an kusa komawa makaranta za mu dawo.”

Kwanon ruwan gwaji yana nan a gindin keke, inda yake kullum. Har ta yanki ƙyallen. Sai ta tuna karan-miski ba ya bushewa da wuri, ga gari ya haɗa hadari, ga aiki a gabanta. Ta murza yadin tsakanin yatsu, ta dubi yatsun, ba komai. Ta ce a ranta, haba, ni za a gaya wa yadi? Ta jefar da ƙyallen ta hau keke. Ko shafi ba ta sa masa ba, wai don taushin ya kwanta a kan haƙoran kai tsaye.

Da safe ta iske su suna loda kaya a mota. Ta miƙa wa Malam ƙunshin tana kallon ƙasa.

“Ga wannan, a rufe wa abin kiɗan nan baki, kada ƙura ta gama da shi.”

Malam ya warware, ya koma ciki ya shimfiɗa a kan madannan, mayafin ya zauna daidai kamar a kan piyanon aka yanka. Ya daɗe yana shafawa.

“Mama, kin yi mini abin da na daɗe ina so. Allah ya saka da alheri.”

Ranar nan a ƙafa ta koma shago don daɗi, har ta yafe wa wata 'yar koyo da ta karkata aljihu.

Daminar bana kuwa ba ta yi wasa ba. Ruwa ba dare ba rana, bango na zufa, takalmi a ƙarƙashin gado na yin fumfuna. Gidan Malam a kulle, iska ba ta shiga ba ta fita. Sau ɗaya abin ya faɗo mata a rai tana tsaka da ɗinki, gabanta ya faɗi, ta yi maza ta kawar da tunanin ta ci gaba da taka keke.

Da suka dawo, da mahaifiyar Malam suka zo, za ta ga likitan ido. Mai Almakashi ta ci ado ta je yi mata sannu da zuwa. Tsohuwa ce doguwa mai magana a hankali, kuma ba ta ɓoye abin da ke ranta. Ko akwatuna ba a gama shigarwa ba, suna gama gaisawa ta dafa sandarta ta nufi piyanon.

“Buɗe mini in ga kayan babanku.”

Malam ya ɗaga mayafin. Mayafin ya ɗan manne, sai da ya ja.

Innalillahi! Fararen madannan nan tun daga wannan ƙarshe har wancan sun rine. Wani wuri ja, wani wuri ruwan hoda, inda yatsun marigayin suka lotsa kuwa nan rinin ya taru ya fi ko'ina duhu. Malam ya sa babban yatsa ya goga, ya sake gogawa da gefen rigarsa. Ko gezau, ya riga ya shige ciki.

Mai Almakashi ta ji zufa ta keto mata tun daga tsakar ka. Kallo ɗaya ta yi wa abin ta san irinsa, ta sha ganinsa a farar rigar da aka wanke da jan zane. Auta ta juyo ta dube ta, ta yi sauri ta kawar da kai.

“Wane ne ya ɗora wannan abin a nan?” in ji tsohuwa, muryarta na rawa.

Bakin Mai Almakashi ya buɗe, amma Malam ya riga ta.

“Ni ne, Umma. A kasuwa na gan shi na sayo.”

Tsohuwa ta juya kansa. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta ce shi ko yaushe haka yake, ba ya tambaya, ba ya shawara. Ta ce babansu bai bar musu gida ba, bai bar gona ba, wannan kaɗai ya bari, ta hana kowa ta ba shi don tana zaton shi ne zai riƙe. Ta ce da ta sani da ta bar wa ƙaninsa. Malam na tsaye da jan mayafi a hannu, magidanci da furfura a gemu, a gaban matarsa da 'yarsa da surukarsa, yana ta cewa, “Ki yi haƙuri, Umma. Laifina ne.”

Kalma uku ce za ta fitar da shi: ni na ɗinka. Mai Almakashi ta tura su, suka ƙi fitowa. Matar da ba ta taɓa shakkar kowa ba a layin teloli ta zauna ta ƙanƙame jakarta, tana kallon ana wanke bawan Allah tas a kan aikin hannunta. Kunya ta rufe ta, kuma kowace daƙiƙa da ta wuce maganar sai ta ƙara nauyi.

Tsohuwa ta share ido da gefen gyale, ta karɓi mayafin ta juya shi, ta kai shi kusa da fuska.

“Ɗinkin ma dai ba laifi. Amma duk telan da ya sa wannan yadin a kan farin abu bai san aikinsa ba.” Ta juyo. “Maman Auta, ke da ɗinki sana'arki ce, kina kusa, amma yaron nan ya tsallake ki ya tafi kasuwa. Don Allah ki rufa mana asiri, ki ɗinka masa na kirki, ko abin da ya rage ya tsira.”

“To,” in ji Mai Almakashi. Da ƙyar ita kanta ta ji muryarta.

“Ki auna yanzu mana, tunda ga ki.”

Ta laluba jaka ta ciro tef, ta miƙe ta isa gaban piyanon. Bakin tef ɗin ya zame ya faɗi, ta ɗauko ya sake zamewa. Malam ya matso ya sunkuya ya kama mata ɗaya bakin, ya danne shi a ƙarshen madannan.

“Ja, Mama,” ya ce a hankali. “Na riƙe.”

Ta ja tef ɗin a kan jajayen haƙoran har ƙarshe, ta sunkuya ta duba, hawaye ya hana ta ganin lambar.