Ramin da na shafe da siminti

Ƙarfe goma da kwata na safiyar Talata mai duba wayarin wutar lantarki ya iso layinmu a Kakuri. Mu uku ne a wurin: ni, da shi, da maƙwabcina, mutumin kudancin Kaduna da muka yi aiki tare a masaƙa kafin a rufe ta. Ina sashen wuta, shi yana gadin ƙofa. Tare muka gama gini, tare muke jiran mitar wuta, kuma ba a ba da mita sai mai dubawa ya sa hannu.

Wayarin gidana da hannuna na yi shi. Da farko na ja layi da igiya. Na biyu na binne bututu a bango. Na uku na haƙa rami a tsakar gida, na kafa sandar tagulla mai kai wuta ƙasa, na zuba gawayi da gishiri yadda aka koya mana. Na huɗu, da na ga ramin ya ɓata mini wuri, na shafe shi da siminti, sumul.

Da gidan maƙwabcina aka fara. Wayoyinsa a cukurkuɗe kamar taliya, soket ɗaya a karkace, raminsa a buɗe har kaza na tono a ciki. Mai dubawa ya tsuguna, ya maƙala na'urarsa a jikin sandar, ya gyaɗa kai, ya sa hannu.

A gidana ya daɗe yana shafa bango.

"Baba, aiki ya yi kyau. Ina sandar?"

"Kana tsaye a kanta."

Ya dubi ƙafarsa. "Ni dai siminti nake gani."

"Samari, tun ba a haife ka ba nake wannan aiki."

"Ban musa ba, Baba. Amma sai na gwada zan sa hannu. A fasa, in dawo."

Maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana dariya. "Injiniya, in aro maka diga?"

Aka kafa masa mita. Da rana tsaka ina jin fankarsa tana juyawa. Matarsa har ƙanƙara ta aiko mana. Na yi godiya, na sha, ta tsaya mini a wuya. Mako uku na yi kafin na iya ɗaga diga a kan simintin nan, kuma ga ramin a buɗe, mai dubawa bai dawo ba tukuna.

Kai mai karatu, kada ka rufe raminka sai mai sa hannu ya gani. In kuma ka biyo layinmu, don Allah kada ka yaba mini hasken gidan maƙwabcina.