Tafintan Surukata

Surukata ta zo Kuala Lumpur ne don wankan jegon matata, da niyyar in an yi arba'in ta koma. Ko suna ba a yi ba korona ta sa aka rufe iyakoki, aka kulle kowa a gida. Muka rage mu huɗu har da jaririya a ɗan gidanmu na bene a unguwar Pantai Dalam. Ni da Hajiya kuwa kunya ce a tsakaninmu. In ta fito falo sai in shige ɗaki in ce karatu nake yi.

Wata rana bayan la'asar ana sheƙa ruwa, na gaji da rubutun digirina, sai na kunna wani tsohon fim na Jamusawa da abokin karatuna ya daɗe yana yaba mini. Labarin wasu sojojin Turawa ne na zamanin da, sun kutsa ƙungurmin daji suna neman birnin zinariya. Ban san Hajiya ta fito ba sai da na ji murya a bayana.

"Malam, wannan mai zazzare idon me yake cewa?"

Na yi zumbur zan tashi, ta ce in yi zamana. Jamusanci suke yi, fassarar Turanci na bi ta ƙasa, ni kuma ina juya mata zuwa Hausa, kaina a sunkuye.

"Hajiya, cewa yake duk ƙasar da suka wuce ta zama tasu."

"Tasu? Da ya zo bai tarar da mutane ba?"

Dariya ta ƙwace mini. Matata ta leƙo da jaririya a kafaɗa, ta gan mu zaune wuri ɗaya, ta kama baki.

Hajiya ba ta damu da shugaban sojojin ba sai don ta yi masa faɗa. Hankalinta na kan mutanen ƙasar da aka ɗora wa kaya suna zamewa a cikin taɓo. Ta ce kakanta ma haka Turawa suka kwashe su dako, shi dai ya ajiye musu akwati a gindin wata tsamiya ya kama hanyar gida, kuma har ya tsufa in ya ba da labarin sai ya yi dariya har da hawaye. Matata ma ba ta taɓa jin wannan ba.

Da aka zo ƙarshe, mutumin ya rage shi kaɗai a kan ruwa, jama'arsa duk sun ƙare, amma yana ta surutun mulki. Hajiya ta tafa hannu.

"Allah ya ƙara! Kwaɗayi mabuɗin wahala."

Washegari na sauka kedai, wato kantin da ke ƙasan benenmu, na sayo burodi. Ina dawowa ta ce a sake sa mata mahaukacin nan. Wannan karon ba ta nemi tafinta ba, ita ta riƙa saka musu magana a baki. Ta mayar da shugaban wani dillalin shanu na garinsu, tana kwaikwayon tafiyarsa a tsakar falo, mu kuma muna riƙe ciki.

Da aka buɗe hanya na raka ta filin jirgi. Tun daga gida har can hira muke yi, matata a kujerar baya ta rasa inda za ta sa baki.