Kwamfutar da Na Hayo Saboda Ragunan Layya

Ko da tsufa zai kwashe min komai, ranar da wata 'yar makwabcina ta wanke ni a gaban ƙungiyarmu ta dillalan dabbobi ba za ta bar kaina ba.

Ni ne ma'aji, ni da makarantar boko ta kore ni tun aji uku. Ƙungiyar tana ajiye hoton duk dabbar da aka sayar a Daura da Mai'adua, saboda rigimar kayan sata. Hotunan suna cikin kwamfutocin haya a wata ƙasa, ana cirar kuɗin daga asusunmu duk wata. Bayan Babbar Sallah sai kuɗin hayar suka yi ta kumbura. Aka fara kallona a kaikaice. Wani ma ya ce, "Alhaji, sabuwar babbar rigar nan ta yi maka kyau." Na gane inda ya dosa.

Ranar taro shugaban ƙungiya ya kira 'yar makwabcin nan nawa, wadda ta yi karatun kwamfuta a Kano. Ta zauna a bakin tabarma, ta bi takardar kuɗin layi-layi, tana rubuta wanda ya nemi kowane abu. Can ta ɗago.

"Baba, wa ya sa aka ƙaro babbar kwamfuta lokacin ragunan layya?"

Na buga ƙirji. "Ni ne, 'yata. Kuma na biya, tamu ce."

"Ba saye ka yi ba, Baba, haya ce. Kamar ka ɗauko shatar tirela ne, aka sauke raguna, ka bar ta a tsaye direba yana lissafa maka awa."

Wuri ya kaure da dariya. Mai zancen riga har da riƙe ciki. Ni kuwa sai hamdala, gara a ce min wawa da a ce min ɓarawo.

Abin da ya fi burge ni, ko murmushi ba ta yi ba. Ta kashe kwamfutar, ta mayar da tsofaffin hotuna ma'ajiya mai araha, ta sa wa kuɗin hayar iyakar da in an kusa ta saƙo zai shigo wayata da ta shugaba. Sannan ta ce wa jama'a, "Ku ma ba wanda ya taɓa buɗe takardar nan. Kada ku ɗora wa Baba shi kaɗai." Dariya ta ɗauke ɗif.

Tun ranar na koyi cewa kafin in ce "a ƙaro", sai na tambayi wa zai kashe, kuma yaushe.