Hannun da Ya Taɓa Gawa

Shekarar da muka fara shiga ɗakin gawa a makarantar likitanci, a cikinta aka ba ni gado a hostal. Ban yi rawar jiki ba. Gidanmu na Maamobi gidan yawa ne, hayaniya ba ta yankewa, amma a nan nake cin tuwon uwata, kuma trotro, motar haya, ba ta gagare ni ba: in sauka Circle, in kama wata. Na ce a ba ni 'yan kwanaki in yi shawara.

Bakina ne ya ja min. Maganin da ake jiƙa gawa da shi don kada ta lalace yana kama tufafi da gashi, ko an yi wanka sai ya biyo mutum gida. Da aka tambaye ni warin mene ne, sai na baje a tsakar gida ina ba da labarin yadda muke buɗe hannun mamaci muna bin jijiyoyi. Taƙama nake yi. Kafin magariba zance ya zaga Maamobi, har ya leƙa unguwar Nima.

A gidanmu mata a kwano ɗaya muke ci. Washegari na wanke hannu na matso, sai matar kawuna ta ja da baya.

"Ei, dokta," in ji ta, "hannu nan da ka yanka gawa, shi za ka sa cikin tuwo? Ni dai na ƙoshi."

Ƙannena suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.  Uwata ta tashi ta zuba min nawa daban a ƙaramin kwano, ta ɗora cokali a kai. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Na yi fushi, na ce ranar da ciwo ya kayar da su hannun nan za su nema. 

Haka na yi ta ci ni kaɗai a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Sai hostal ta fara yi min kyau, don a can kowa warinsa ɗaya da nawa. Da na faɗa wa uwata, har ajiyar zuciya ta yi. "Ka tafi, Maama," ta ce, "can ka samu karatu. Asabar ka zo gida."

Ina haɗa jaka sai ga Kaka, uwar mahaifina, tana dogara sanda. Daga Nijar aka kawo ta tun tana amarya, kuma ita ke wanke matan unguwa idan sun rasu. Saboda ciwon gwiwa a ɗakinta take cin abinci, amma ba abin da ke wuce kunnenta.

"Ke 'yar nan, karatu ne ya kira ki, ko korar ki aka yi?"

Na ci gaba da cusa kaya a jaka.

"In karatu ne, Allah ya kiyaye hanya. In kuwa cokali ne, ajiye jakar nan."

Da yamma ta sa aka fito mata da kujera, ta zauna gaban babban kwano, ta kira ni kusa da ita. Ta dubi matar kawuna.

"Da uwarki ta rasu, wa ya wanke ta? Furar da kika sha ranar sadakar uku, wa ya dama?" Sannan ta bi kowa da kallo. "Duk mai ƙyamar hannun yarinyar nan ta faɗa yanzu, in san wadda ba zan taɓa ba idan ranarta ta zo."

 Ta kama hannuna ta sa a tuwo, ta sa nata. Uwata ce ta fara matsowa, idonta cike da ƙwalla. Matar kawuna ta zo a ƙarshe, tana gunaguni wai miya ta yi gishiri.

Na bar wa wata gadon. Har na gama makaranta daga Maamobi nake fita da farar rigata a jaka, in yi karatu a cikin trotro, in dawo a gajiye. Abokan karatuna sun ce wahala nake saya wa kaina, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma ina alfahari da shekarun nan fiye da takardar da aka ba ni.

Kaka ta rasu ina shekarar ƙarshe. Ta bar wasiyya cewa ni zan wanke ta. Na wanke ta, matar kawuna tana tsaye a gefena tana miƙo min ruwa.