Rabi'atu Mai Gwajin Jini

Rabi'atu 'yar wani manomin dawa ce a Kuyello. Ita kaɗai a gidansu ta kai jami'a, har ta samu gurbi a wani ɗakin bincike a ƙasar waje. Can akwai injin da ke tatso ƙwayoyin halitta masu rai ta bakin siririyar allura, yana jera su, da fatan wata rana a haɗa fatar da za a dasa wa wanda ya ƙone. Aikinta ƙirga ƙwayoyin da suka mutu. In aka ƙara wa injin ƙarfi, tantanin da ya lulluɓe kowace ƙwaya sai ya yage. In aka rage, allurar ta toshe. Shekara biyu tana laluben tsaka-tsaki.

Ba ta kai ga samu ba aka bugo mata waya. Mutanen daji sun tashi ƙauyensu, mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta Huraira tana raɓe a gidan mutane a Birnin Gwari. Ta tattaro ta dawo, ta kama musu ɗaki, ta samu aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti.

Ran nan wata nas, Mercy, ta kawo mata jinin mai ciki. Da ya kwanta, ruwan samansa ya yi ja maimakon fatsi-fatsi.

"Sai an sake ɗiba, Sista," in ji Rabi'atu. "Kin danna sirinjin da ƙarfi, ƙwayoyin sun fashe. Ki riƙa zare allurar tukuna, ki zuba a hankali."

"Ke kuwa ina kika san wannan?"

Tun dawowarta babu wanda ya taɓa tambaya. Daga ranar suke cin abincin rana tare, Rabi'atu na zana mata injin a bayan tsohuwar takarda. Bayan wata bakwai aka mayar da Mercy Kaduna. Sukan yi waya jefi-jefi, in layi ya yarda.

Yanzu Rabi'atu ita kaɗai take cin abincin rana, a kan benci, ƙofa a buɗe. Wani yammaci ta gwada ba mahaifiyarta labarin aikin nan nata na da. Huraira na tsince wake, ta saurara har ƙarshe.

"Kika ce ƙwayoyin nan ido ba ya ganinsu?"

"Ba ya gani, Inna."

"Allah sarki. Miƙo mini farantin can."

Ta miƙa mata, ta zauna ta taya ta tsinta.