Ser Ɗin da Usta Gado Bai Ɗaura Ba

Duk wanda ya zauna a tsoffin unguwannin Gadarif ya san Usta Gado, ko da bai san fuskarsa ba, domin kullum fuskar tana bisa rufin wani. Mai gyaran mukayyif ne, akwatin ƙarfen nan da ake cusa wa busasshiyar ciyawa a gefuna, ruwa yana jiƙa ta, fanka tana jan iska ta cikinta tana hura sanyi ɗaki. Gidajen da yake wa aiki kusan duk sa'o'insa ne, ginin ƙarshen zamanin Turawa, masu dogon bango da 'yan tagogi can kusa da rufi don zafi ya sami hanyar fita. Baƙar lakar garin ta tsattsaga bangonsu, famfunansu sun bushe, sai an hau da ruwa a jarka. Amma masu su sun ƙi tashi, Gado ma ya ƙi rabuwa da su.

Iyayensa Makka suka nufa daga yamma, guzuri ya yanke musu a Mafaza, suka zauna yankan dawa da riɗi. Shi lauje bai karɓe shi ba, ya gangaro birni ya kama ƙarfe. Bakinsa kuwa sai a hankali. Yakan zagi mukayyif kamar jakin da ya ƙi tafiya, in mai gida ya sa baki shi ma ya samu rabonsa. Gidansa bukka biyu ne a bayan gari, babu lantarki, kuma matarsa Jummare ba ta gajiya da tsokanarsa, wai ya sanyaya gari kaf ya bar ta a tanda.

Ɗansu ɗaya ne ya rayu, Salihu, kuma shi ne na fari. Saboda kunyar ɗan fari, Gado bai taɓa kama sunansa ba. "Kai, miƙo sufana." "Wancan bai dawo ba?" Iyakarta ke nan, har Salihu ya yi gemu ya fi uban iya aikin. Son da yake masa kuwa, ko makaho ya gani.

Sai shekarun kasha, wato kamen samari, suka zo. Lori ya tsaya a bakin kasuwa ko tashar mota, a kwashe samari, a aske su, a tura su yaƙin Kudu. Tsoro ya shiga Gado, irin wanda bai taɓa sani ba. Dabara ɗaya ta zo masa: masu kame ƙasa suke dubawa, ba sa ɗaga kai. Don haka ya mai da rufin mutane maɓoyar ɗansa. Daga sallar asuba su bi lungu su hau, Salihu ya wuni a bayan 'yar katangar rufi yana wanke tukunyar ruwa da sauya ciyawa, ba ya sauka sai magariba. Sayayya, ɗebo ruwa, kawo abinci, duk uban ne, da furfurarsa. Bazara biyu suka yi haka, rana ta ƙona Salihu ya yi baƙi ƙirin, amma yana nan.

A bazara ta uku gwiwar Gado ta kumbura. Ran nan suna aiki a gidan Hajja Zinariya, wata tsohuwa mai hawan jini da ke kwance ita kaɗai, ɗakinta kamar bakin murhu. Da ƙyar Gado ya ja ƙafa ya hau. Suna kunna mukayyif sai ser ya tsinke, robar nan da ke haɗa inji da fanka. Daga ƙasa suna jin nishin tsohuwar.

"Yaba, kafin ka sauka tsanin nan ka je kasuwa ka dawo, Hajja ta narke," in ji Salihu. "Bari in je, ai nan da nan ne."

Gado ya leƙa titi. Shiru, ko akuya babu. Ya shafa gwiwarsa.

"Tafi da tsohon ser ɗin ka gwada. Kar ka tsaya gaisuwa da kowa."

"Hadir, Yaba, an gama."

Ya zauna yana tsinke ciyawa. Inuwa ta gajarce ta koma ƙarƙashin ƙafa. Aka kira azahar. Daga nan ya ji tsani yana motsi, zuciyarsa ta yi sanyi, har ya haɗa faɗan da zai yi. Amma kan da ya ɓullo na Adda ne, mai shayi a bakin layin 'yan ƙarfe, mace da girmanta a kan tsani, mayafi a wuya. Ta miƙo masa sabon ser.

"Ya Usta, sun tafi da shi. Daga kan lori ya jefo min wannan. Ya ce a gaya wa Yaba daidai ne, ya gwada."

Gado bai san yadda ya sauka ba. Ya bi titi yana ɗingishi har inda ƙafar ta ƙi. Da yamma ya sayi wani ser, ya koma ya tayar wa Hajja da mukayyif, domin tsohuwa ba ta yi masa laifin komai ba. Wanda Salihu ya jefo kuwa, ya rataye shi a ƙusa, jikin ginshiƙin rumfar gidansa. Ya yi zarya ofis-ofis har takalminsa ya cinye, kowa sai ya ce masa ya zo gobe. Faɗan bakinsa ya mutu. Jummare ta daina tsokana.

Damina ta zo ta wuce, sanyi ya wuce, zafi ya dawo. Ran nan motoci suka tsaya a ƙofar gida da lasifika. Babu gawa, babu kabari. Wai Salihu ya yi shahada, yanzu ango ne a Aljanna, don haka biki za a yi, ba makoki ba. Suka kafa rumfa, suka kawo janareta da wani mukayyif na haya saboda manyan baƙi. Aka sa mata guɗa, aka tsaya a kan Jummare sai ta yi. Ta yi, da murya kamar ana shaƙe ta.

Ba a je ko'ina ba ser ɗin mukayyif ya tsinke. Rumfa ta ɗau zafi, baƙi suka soma fifita da hula. Wani matashi cikin masu shirya taron ya zo ya durƙusa gaban Gado yana murmushi.

"Mabruk, ya Hajj, muna taya ka murna. An ce kai ne usta, gwanin mukayyif, a garin nan. Taimaka mana, baƙi suna shan wuya."

"Sai da ser," in ji Gado, bai ɗaga kai ba.

Matashin ya waiga, ya hango ginshiƙi. "Alhamdu lillahi, ga sabo can a rataye!" Ya miƙa hannu.

Gado ya miƙe, da gwiwar da komai, ya riƙe masa wuyan hannu. Mutumin da bai taɓa barin kowa cikin zafi ba, ko wanda suka yi faɗa da shi.

"Sake shi," ya ce. "Na Salihu ne."

Daga bayan zana Jummare ta ji. Tun ranar suna ba ta taɓa jin sunan nan a bakin mijinta ba. Guɗar ta yanke, ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, irin kukan da aka hana ta tun safe. Gado ya sake faɗa, a hankali, ba da kowa yake ba.

"Salihu."